Yadda nake rubuta wasiƙar Kirsimeti ta labarin yara, daga Janairu har ranar turawa

Duk shekara da zarar Disamba ta kama sai saƙonni su fara shigo min, matan zumunta, ƙawaye, har da wani ƙanin maigidana, kowa na tambaya wai yaya nake haɗa wasiƙar nan da nake tura wa dangi a kan yara, su ma suna so su fara. Shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta komai wuri ɗaya yadda mai so zai bi.

Shekara shida ke nan ina yi. A Jos muke zaune, ni 'yar wajen Pankshin ce maigidana kuma ɗan Kagoro, kakar yara tana can gida, yayata tana aikin nas a Ingila, ƙannensa biyu suna Legas. Da kusan kowace Kirsimeti sai mun haɗu, amma tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kuɗin mota ya sa wasu sai su yi shekara biyu ba su leƙo ba, yaron da suka bari yana rarrafe sai su dawo su same shi da jakar makaranta. Da Hausa nake rubutawa don ita ce ta haɗa dangina da nasa, da ita muke waƙa a coci, kuma da ita kaka ke jin daɗin labari.

Al'adar ta Turawa ce tun asali. Katin Kirsimeti na sayarwa na farko a Landan aka buga shi a 1843, wani mai suna Henry Cole ne ya sa aka yi guda 1,000, daga baya mutanen Amurka da Ingila suka riƙa cusa takarda a cikin katin mai ɗauke da labarin gidansu na shekara. Su kansu a can suna kuka da irin wasiƙun nan domin da yawa sun koma fankama, ɗana ya zo na ɗaya, 'yata ta ci kofi, mun canza mota. Abin da na gane cikin shekarun nan shi ne wanda zai fi kowa morar wasiƙar bai ma iya karatu ba tukuna, shi ne yaron da ake ba da labarinsa. Yawancin manya ba sa tuna komai na rayuwarsu kafin shekara 3, abin da ba a rubuta masa ba ya tafi ke nan. In kika riƙe wannan a rai, sauran duk zai zo da sauƙi.

Mataki na farko: a Janairu ake farawa

Na san wasu za su karanta wannan a tsakiyar Disamba, ba komai, akwai dabararku a ƙasa. Amma gaskiya wasiƙa mai daɗi ba a Disamba ake haɗa ta ba. Ki sayi littafin rubutu irin na 'yan makaranta ki ɗaura masa biro da zare ki ajiye inda hannu ke kaiwa, nawa yana kan firij. Duk ranar da yaro ya faɗi wani abu ko ya yi wani abu da ya sa kika tsaya kika kalle shi, ki rubuta a ranar da kwanan wata, layi ɗaya ya isa. Kar ki ce sai dare, dare yana yi gajiya ta cinye shi. Idan kin fi sabawa da waya to WhatsApp yana barin mutum ya tura wa lambar kansa saƙo, ki riƙa jefawa can, amma ni na fi yarda da takarda, zan faɗi dalili.

Me ake rubutawa? Maganarsu yadda ta fito daga bakinsu ba tare da gyara ba. Autana har ya kusa shekara uku "yuwa" yake ce wa ruwa, wata safiya a watan Yuli kawai na ji ya ce Mama ba ni ruwa, da r ɗinsa cif, na tsaya da kofi a hannu na rasa murna zan yi ko kewa. Na rubuta a ranar. Yanzu in ba don littafin ba, ba wanda zai tuna ya taɓa cewa yuwa, har shi kansa. Ki rubuta ranar da haƙori ya fito, ranar da aka yi tatata, ranar yaye da yadda aka kwana, ranar da aka fara famfara da inda aka jefa haƙorin, abincin da yake ƙi, waƙar Sande sukul da ya addabi gida da ita wata guda, wanda yake gudu wurinsa in ya yi laifi. Baban yara shi ma ya rubuta nasa, domin abin da suke faɗa masa a hanyar makaranta daban ne da wanda suke faɗa min a kicin.

Ku da kuka makara kuwa, ku buɗe hotunan waya ku bi su wata wata daga Janairu, ku ɗauko katin awo na asibiti da rizol ɗin makaranta, ku tambayi mai raino ko yayar yaron me suke tunawa. Za ku samu abin da ya isa na bana.

Mataki na biyu: awo

Ƙarshen Nuwamba ko farkon Disamba, rana ɗaya kowace shekara, a auna kowa. A cire takalmi, a jingina yaro da bango diddige na taɓa bangon, a ɗora littafi a kwance a kansa a ja layi da fensir, sannan a auna da tef irin na tela. Wanda bai kai shekara 2 ba a kwance ake auna shi, haka ma'aikatan asibiti ke yi. In gidan haya kuke kar ku zana a bango, mu mun yi wannan kuskuren muka tashi muka bar layukan shekara biyu a tsohon gida. Ku sa kafinta ya yanko muku katako dogo guda ɗaya, duk inda kuka koma ya bi ku.

Don ki san abin da kike gani: jariri yakan zo da tsawon kusan santimita 50, a shekara ɗaya ya kai wajen 75, a shekara 4 wajen 100, daga nan kuma kusan santimita 5 zuwa 6 yake ƙarawa a shekara har lokacin balaga. Nauyin haihuwa yakan ninka sau biyu wajen wata 5, sau uku a shekara ɗaya. Haƙoran farko guda 20 ne, sukan fara wajen wata 6 su cika kusan shekara 3, famfara kuma ta fara wajen shekara 6.

Amma fa a wasiƙa kar ki zuba lambobi kamar katin asibiti. Kaka ba ta san santimita 104 ba, amma in kika ce yanzu hannunsa na kaiwa sakatar ƙofa sai mun sa ido, ta gan shi ke nan. Lambar ki bar ta a ƙasan takarda don ajiya.

Kuma don Allah kar awon nan ya zama gasa da 'ya'yan kowa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da wani bincike a 2006 da aka bi yara masu ƙoshin lafiya a ƙasashe biyar, har da Ghana, aka ga wasu sun fara tafiya da kansu tun wata 8 wasu kuma sai kusan wata 18, kuma duk lafiyarsu ƙalau, wasu ma ba su yi rarrafe ba sam. To in naki ya yi tafiya a wata 10 ki faɗa da murna amma kar ki ƙara da cewa ya riga ɗan wance. In kuma ya wuce wata 18 bai taka ba, wannan maganar likita ce ba ta wasiƙa ba, ki kai shi a duba.

Mataki na uku: a tambayi masu labarin

Wannan ne wurin da na fi so. Daga shekara 3 zuwa sama ki zaunar da kowane yaro shi kaɗai, ba a gaban 'yan'uwansa ba don ƙaramin zai kwaikwayi amsar babba. Lokacin da ya fi shi ne bayan an ci abinci ko ana cikin wani aiki, ni ina yi ne ina tsifar kan babbar ko muna tsintar wake. Tambayoyi biyar zuwa shida, kuma su ɗin dai za ki maimaita kowace shekara: wane abinci ka fi so, waye abokinka, me kake so ka zama, me ke ba ka tsoro, me ka koya bana da ba ka iya ba bara, me kake so a faɗa wa Kaka. Ki kunna rikodin a waya ki ajiye gefe, kar ki gyara amsa kar ki yi dariya har ya ji kunya. Na tsakiyata a shekara huɗu ta ce mai tuƙa keke napep za ta zama don ta riƙa kai ni kasuwa kyauta, a shekara biyar ta koma nas irin gwaggonta. Da na gyara mata ta farkon na sa likita, da na yi asarar abin da ya fi komai nuna halinta.

Mataki na huɗu: zaɓe, sannan rubutu

Yanzu kina da abu ya fi ƙarfin takarda. Shafi ɗaya zuwa ɗaya da rabi ya isa, mutane a waya za su karanta, wasu suna cikin mota. Kowane yaro abu biyu ko uku. Ni wajen zaɓe ina tuna Luka 2:52, inda aka nuna Yesu yana yaro yana ƙaruwa ta hikima, ta girman jiki, da tagomashi wurin Allah da wurin mutane. Sai in duba, na faɗi abin da ya koya, na faɗi yadda jikinsa ya canza, na faɗi wani abu na addu'arsa ko tambayoyinsa a kan Allah, na faɗi yadda yake da mutane? Ba dole duka huɗun su fito ga kowa ba, amma yana hana ni in cika takarda da maganar makaranta kaɗai, wanda shi ne ramin da yawancinmu ke faɗawa tunda rizol ɗin zangon farko a Disamba yake fitowa yana nan sabo a ranmu.

A fara da gaisuwa yadda muka saba, a gai da manya tukuna, a tambayi sanyi a tambayi girbi da amfanin gona, amma layi uku ya isa. Sai a shiga labari. Ga bambancin da nake nufi. Wani zai rubuta: "Auta ya girma sosai, yana da wayo da ƙiriniya, mun gode Allah." Wannan kowane yaro ne a duniya. Gwada wannan: "Auta ya gano inda nake ɓoye cincin. Ran Talata na shigo na same shi a kan kujera, kujerar a kan tabarma don kar ta yi ƙara, bakinsa cike, yana ganina ya miƙo min guda ɗaya." Ban ce yana da wayo ba, ban ce yana da kyauta ba, amma kawunsa na Legas ya ga duka biyun. Duk inda kika ga kin rubuta kalmar yabo, ki tsaya ki tambayi kanki wace rana ce ta sa na faɗi haka, sai ki goge yabon ki rubuta ranar.

Wannan kuma shi ke warware wata matsala tamu ta gida. Mun taso cikin alkunya, uwa ba ta yabon ɗanta a gaban mutane balle ɗan fari, wasu ko sunansa ba sa kira, ga kuma tsoron kambun baka da har yanzu yana zukatan mutane da yawa. Surukata da farko ba ta so abin ba, ta ce ana tallar yara ne? Da aka karanta mata ta ji ba yabo ba ne labari ne, har da ranar da babbar ta yi ƙarya aka hukunta ta ta zo ta nemi gafara da kanta, sai ta sake. Ba da labari daban, fankama daban, manyanmu suna jin bambancin nan da nan.

Ki ƙirga layukan kowane yaro. Da gaske nake. Jariri sabo yakan cinye rabin takarda, ɗan fari ya ɗauki saura, na tsakiya a bar shi da layi biyu. Wata rana zai iya karatu kuma zai ƙirga.

Abin da ba ya shiga

Fitsarin kwance, faɗuwa jarrabawa, maimaita aji, ciwon da ya shafi tsiraici, duk abin da in ya kai shekara 15 aka karanta a gaban abokansa zai so ƙasa ta tsage, kar ya shiga. Pozishan ma ni na daina sawa, ko na ɗaya ne. Daga shekara 6 ina karanta wa kowa sashensa kafin in tura, in ya ce Mama cire wannan sai in cire ba gardama. A Faransa har doka aka yi a watan Fabrairun 2024 da ta ɗora wa iyaye nauyin kare hoton 'ya'yansu da sirrinsu, mu ba sai mun jira doka ba.

Sai maganar tsaro, wadda duk wanda ke zaune a arewa ya san ba wasa ba ce. Kar a rubuta sunan makaranta, kar a sa hoto da yunifom mai bajo, kar a faɗi lokacin tashi ko wanda ke ɗauko su, kar lambar gida ko ta mota ta fito a hoto, kuma kar a rubuta ranar da za ku kama hanyar gida. Saƙo in ya bar hannunki ba ki san wayar da zai kwana ba.

Shekarar da ba ta yi daɗi ba

Akwai shekarar da na rasa ciki a watan Agusta, maigidana kuma aikinsa ya tsaya wata huɗu. Na so in bar wasiƙar gaba ɗaya. Daga baya na rubuta, na sa layi biyu kawai cewa shekarar ta zo mana da rashi da ƙunci, muna neman addu'arku, sannan na ci gaba da labarin yara, domin su ba su daina girma ba a shekarar, a cikinta ne ma babbar ta koyi dafa shayi tana kawo min ɗaki. Wasiƙar nan ita ce aka fi kirana a kanta. Ba sai kin zayyana komai ba, amma kar ki shafa wa shekara mai ba ki kuka hoda, yaran suna gidan sun gani, in suka girma suka karanta za su san an ɓoye.

Haka kuma ki tuna masu karɓa. A cikin dangi akwai wadda take neman haihuwa shekara goma, akwai wanda ya binne ɗa bana. Irin waɗannan ba na jefa musu wasiƙa haka kawai, sai na kira tukuna mun gaisa na tambaya ko in turo. Wata ta ce turo mana ai 'ya'yana ne, wata ta ce bari sai baɗi, duka biyun na karɓa.

Hoto da turawa

Hoto uku zuwa biyar sun isa. Ɗaya a wuri guda kowace shekara, mu a jikin katakon awo muke yi, shi ke nuna girma fiye da komai. Sauran kuma na rayuwar yau da kullum, ana wanka a baho, ana cin masara, an sha hular sanyi da safe leɓe ya bushe da hunturu. Kar ki jira ɗinkin Kirsimeti, tela zai iya riƙe ki har 24 ga wata, hoton sabon kaya a tura shi daban ranar 25. Ki ɗauka da safe ko da yamma a waje, ki durƙusa daidai tsayin yaron. In za ki tura a WhatsApp ki tura a matsayin dokumen don kar ya rage kyan hoton, musamman ga wanda zai wanke.

Ranar turawa tsakanin 15 da 20 ga Disamba. In ya wuce haka kowa ya shiga suyar cincin da nama da atisayen waƙoƙin coci da neman mota, ba mai nutsuwar karatu. Kar ki sa a sitatus, awa 24 ya ɓace kuma kowa da kowa ke gani, kar ki sa a Facebook. Ki tura wa mutum mutum, da layi ɗaya nasa a sama, Kawu ga labarin jikokinka, Gwaggo ga 'yar ɗakinki ta fara famfara. Maƙwabtanmu Musulmi da ke kawo mana naman Sallah mu kai musu shinkafar Kirsimeti su ma ina tura wa biyu daga ciki don a hannunsu yaran suka tashi, ɗaya ma ta fara rubuta tata wasiƙar da Babbar Sallah.

Tsofaffin da ba sa karatu ko ido ya yi rauni, ki karanta musu da muryarki ki tura, a hankali, minti huɗu zuwa biyar, a ƙarshe kowane yaro ya gaishe su da bakinsa ko da gwaranci ne. Ki tura ta wayar wanda ke kusa da su ki roƙe shi ya zauna ya kunna musu. An faɗa min surukata takan sa a maimaita mata sau uku, kuma duk wadda ta shigo gaisuwa sai an kunna mata.

Mataki na ƙarshe: a fitar da ita a takarda

Na ce zan faɗi dalilin da na fi yarda da takarda. Wayata ta faɗa bokitin wanki lokacin na tsakiya tana wata goma sha ɗaya, hotunanta tun na ranar suna duk suka tafi, abin da ya rage sai guda bakwai da na taɓa tura wa yayata. Har yau in ta tambaye ni ina hotonta tana jaririya sai in ji wani abu ya tsaya min a wuya. Saboda haka ki je shagon kwamfuta a buga miki wasiƙar, kowane yaro kofi ɗaya da ƙari ɗaya na gida, a wanke hotunan a rubuta shekara da shekarun yaron a bayansu da biro. Kowane yaro da fayil ɗinsa na roba, a sa cikin akwatin da kuke ajiye takardar haihuwa da ta baftisma, nesa da danshi da gara. Ki tura wa imel ɗinki kofi, rikodin muryoyinsu ma haka.

Mu daren 24 ga wata bayan an dawo daga coci muke ɗauko fayil ɗin, babansu ya karanta ta bara da ta bana a jere. Bara da aka zo wurin yuwa sai auta ya ce shi bai taɓa faɗin haka ba, yayyensa suka ce ka faɗa, ya ce a nuna masa, babbar ta ɗora yatsansa a kan kalmar tana karanta masa harafi harafi. Kafin in kwanta na ɗauko littafin kan firij na rubuta wannan ma, da kwanan wata, shi ne abu na farko da zai shiga ta bana.